Yadda Ake Binciken Rayuwar Hafsan Bature da Ya Yi wa Sarkin Siyam Aiki: Jagora ga Ɗalibin Tarihi a Damagaram

Ɗalibin tarihi a Jami'ar André Salifou da zai rubuta kundi a kan wani bature da ya yi wa sarkin Asiya aiki yakan ɗauka cewa sai ya je Bangkok ko Roma aikin zai yiwu. A matakin lisans, kai har da rabin aikin mastar, mafi yawan abin da ake buƙata yana intanet kyauta, kuma waya mai katin ajiya na jiga 8 ta isa ta ɗauke shi. Inda ake faɗuwa shi ne wurin karanta takardun: sunan mutum, kwanan wata, kuɗi, da sanin bakin wa ke magana a cikin takarda. Za mu ɗauki Kanar Gerolamo Emilio Gerini, ɗan Italiya da ya yi shekara 25 yana aiki a Siyam, ƙasar da aka sauya wa suna zuwa Tailan a 1939. Hanyar da ta yi aiki a kansa za ta yi a kan sauran ire-irensa.

Tambayar farko: wa ke biyansa?

Mutumin Zinder ya san hafsan bature ta fuska guda. Ya san Kyaftin Cazemajou da aka kashe a nan garin ranar 5 ga Mayu 1898, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, ya san yaƙin Tirmini na Yulin 1899 da abin da ya biyo baya. Waɗannan Faransa ce ta aiko su, ita ke biyansu, ita suke kai wa rahoto. Idan ka shiga binciken Gerini da wannan ido, za ka karanta kowace takarda a karkace. Sarki Chulalongkorn, wanda ya yi mulki daga 1868 zuwa 1910, shi ya ɗauke shi aiki, baitulmalinsa ke biyansa albashi, shi ya ba shi galan da sarauta, kuma yana da ikon sallamarsa. Siyam ba ta taɓa zama ƙarƙashin mulkin mallaka ba, duk da cewa Ingila na zaune a Bama da Malaya ta yamma da kudu, Faransa kuma tana Kambodiya da Biyetnam ta gabas. Dabarar sarkin a fili take: manyan muƙaman da suka shafi tsaro yakan damƙa su ga ƴan ƙasashen da ba su da haƙori a kan ƙasarsa. Sojan ruwa ya ba Andreas du Plessis de Richelieu, ɗan Danmak. Jandarmomin larduna ya ba wani ɗan Danmak ɗin, Gustav Schau. Babban mai ba shi shawara daga 1892 ɗan Beljiyam ne, Gustave Rolin-Jaequemyns. Karatun hafsoshi kuma ya faɗo hannun ɗan Italiya.

Saboda haka kowace takarda ka buɗe, ka rubuta amsar abu uku a samanta kafin ka ɗauki komai daga ciki: wa ya rubuta ta, wa aka rubuta wa, kuma marubucin albashin wa yake ci. Wanda ya tsallake wannan zai mayar da Gerini ko dai ɗan leƙen asiri ko kuma gwarzon da ya waye da mutanen Siyam, alhali takardun suna nuna ma'aikaci ne da sarki ya ɗauko don wata buƙata tasa.

Ƙashin bayan aikin

Sayi kaye biyu. Na farko na jadawali ne, kowane shafi shekara guda, daga 1860 zuwa 1913, shafi 54 ke nan. Raba kowane shafi gida uku: kwanan wata, abin da ya faru, inda ka samo shi har da lambar shafi. Abin da ba shi da gida na uku ba ya shiga kundi, komai daɗinsa. Kaye na biyu na sunaye ne, za mu zo kansa.

Fara cika jadawalin da abin da ya tabbata. An haife shi 1 ga Maris 1860 a Cisano sul Neva, wani ƙaramin gari kusa da Albenga a yankin Liguriya. Ya yi karatun soja a Modena. Ya isa Bangkok a 1881 yana da shekara 21. An kafa makarantar horar da hafsoshi a 1887, wadda yau ke ɗauke da sunan Chulachomklao, kuma daga baya shi ya shugabanci sashen ilimin soja har ya kai muƙamin kanar. Ya wakilci Siyam a taron masana Gabas mai Nisa da aka yi a Hanoi a 1902. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masana ta Siam Society a 1904. Ya koma Italiya a 1906. Shi ne babban kwamishinan rumfar Siyam a baje kolin duniya na Turin a 1911. Ya rasu a Turin ranar 11 ga Oktoba 1913.

Lura da wani abu tun a shafin farko: ranar da aka haife shi babu ƙasar Italiya tukuna. An shelanta daular Italiya ranar 17 ga Maris 1861, don haka talakan sarkin Sardiniya ne aka haife shi. Rajistar haihuwa ta ofishin birni a haɗaɗɗiyar Italiya ta fara ne a 1866, abin da ya riga ta kuwa a littafin cocin garin ake nemansa. Ɗalibai kan ɓata mako suna neman takardar haihuwar 1860 a rajistar da ba a buɗe ba a lokacin.

Shafukan da suka rage babu komai a cikinsu, su ne aikinka.

Suna da sarauta

A takardun fadar Siyam ba kasafai za ka ga "Gerini" ba. Mutanen ƙasar suna furta shi Yerini, kuma da zarar sarki ya ba mutum sarauta, da ita ake kiransa a rubuce. Matakan sarautar ma'aikata daga ƙasa zuwa sama su ne Khun, Luang, Phra, Phraya, sai Chao Phraya. Gerini ya tsaya a Phra, da laƙabin Phra Sarasasana Balakhandh. Richelieu ya kai Phraya, Rolin-Jaequemyns kuwa har Chao Phraya, kuma wannan bambanci kaɗai ya gaya maka wa ya fi kusa da kunnen sarki. Kowace sarauta tana tafe da wata lamba da ake kira sakdina, ana ƙirga ta da ma'aunin gona amma daraja take aunawa: talaka 25, babban minista 10,000. Kada ka rubuta cewa an ba shi gona mai faɗin kaza.

Matsala biyu ke fitowa daga nan. Ta farko rubutu ne. Laƙabin daga kalmomin Sanskrit da Pali, tsofaffin harsunan addini na Indiya, aka gina shi, to wasu marubuta suna bin harafi, wasu suna bin furuci. Mutum guda ne Sarasasana Balakhandh, da Sarasas Pholkan, da Sarasat Phonlakhan. Idan ka nemi ɗaya kawai a intanet, sauran sun wuce ka. A kaye na biyu ka ware wa kowane mutum shafi, ka jera duk yadda ka ga an rubuta sunansa, ka kuma kwafo shi da haruffan Tailan daga shafin Wikipedia na harshensu, ka ajiye a waya don liƙawa a wurin nema.

Ta biyu ta fi haɗari. Laƙabin na kujera ne, idan mai shi ya tafi ana iya ba wani. Kamar dai a ce "Kaigama ya tafi yaƙi" a tarihin Damagaram: sai ka san zamanin wane sarki ne kafin ka san wane Kaigama. Bayan Gerini, wani ɗan ƙasar mai suna Long Sunthanon ya riƙe wannan laƙabi, ya zama minista bayan juyin mulkin 1932, ya kuma yi rubuce-rubuce. Duk wani Phra Sarasas da ka gani a takardar da ta wuce 1913, ba naka ba ne. Kundin da ya sa Gerini cikin siyasar shekarun 1930 ya mutu tun kafin a kai shi gaban malamai.

Kwanan wata

A nan ne ya kamata ka zauna sosai, domin a zamanin aikin Gerini da bayansa an yi amfani da lissafin shekara iri uku a Siyam, kuma babu wanda ya dace da Janairu.

Na farko shi ne Chulasakarat, ana taƙaita shi C.S., wanda ake aiki da shi lokacin da ya iso. Ƙara 638 ka sami shekarar miladiyya: C.S. 1243 ita ce 1881. Kwanakinsa na wata ne, ana rubuta ranar mako, da kwana nawa ga hawan wata ko saukarsa, da lambar watan, da dabbar shekara, 1881 shekarar maciji ce. Wanda ya saba juya hijiriyya zuwa miladiyya zai so ya yi lissafin da kansa, to kada ya yi. Hijiriyya wata 12 ce kullum, su kuwa a wasu shekaru suna maimaita wata na takwas don shekara ta daidaita da damina. Idan ba ka san wace shekara ce mai ƙarin ba, za ka kauce da kwana 30 cur. Nemi jadawalin juyi da masana suka buga, sannan ka gwada sakamakon da ranar mako: idan takarda ta ce Talata, lissafinka ya ba ka Jumma'a, lissafin ne ya karkace.

Na biyu shi ne Rattanakosin Sok, R.S., wanda Chulalongkorn ya kafa daga 1 ga Afrilu 1889, yana ƙirgawa daga kafa Bangkok a 1782. Watanninsa irin na miladiyya ne, sai dai shekarar tana farawa 1 ga Afrilu. Daga Afrilu zuwa Disamba ƙara 1781, daga Janairu zuwa Maris ƙara 1782. Yuli na R.S. 112 shi ne Yulin 1893, amma 15 ga Fabrairu na R.S. 112 ya faɗa 1894. Wanda ya manta da wannan zai sa amsar wasiƙa ta riga wasiƙar da wata tara ko goma, ya kuma gina hujja a kai. Mafi yawan takardun aikin Gerini da wannan lissafi aka rubuta su.

Na uku shi ne shekarar Buddha, da gwamnati ta koma kanta a Afrilun 1913, wato shekara ta 2456. Cire 543. Amma har zuwa 1941 ita ma a Afrilu take farawa, don haka a Janairu, Fabrairu da Maris 542 ake cirewa. Marubutan Tailan na yau suna mayar da tsofaffin shekaru zuwa wannan lissafi, wani ya kula da maganar Afrilu, wani bai kula ba. Shi ya sa haihuwar da ta faɗo 1 ga Maris 1860 kana iya ganinta 2403 a wani littafi, 2402 a wani, kuma rana guda suke nufi.

A jadawalinka rubuta kwanan watan yadda yake a takarda, sannan ka sa juyinka a gefensa da jan biro. Haddace alƙalumansu goma, ๐ ๑ ๒ ๓ ๔ ๕ ๖ ๗ ๘ ๙, daga sifiri zuwa tara. Aikin rabin awa ne, kuma da su kaɗai za ka iya gane shekara da lambar shafi a takardar da ba ka iya karanta ko kalma ɗaya a cikinta ba.

Kuɗi kuwa magana ce gajera. Abin da Turawa ke kira tikal shi ne baht, kuma chang ɗaya baht 80 ne. Kuɗin azurfa ne, farashin azurfa ya yi ta faɗuwa a shekarun 1890, sai a 1902 aka fara ɗaure baht da zinariya. Kada ka juya albashinsa zuwa sefa. Ka gwada shi da albashin hafsan ɗan ƙasa mai galan irin nasa a shekara guda, nan ne lambar za ta yi ma'ana.

Inda takardun suke

Mujallar Siam Society tana shafin ƙungiyar kyauta tun daga fitowar 1904. Littattafan Gerini suna archive.org, domin haƙƙin mallakarsu ya ƙare. Sauke su a matsayin PDF da dare lokacin da layi ya fi sauƙi, ka ajiye kwafi biyu, ɗaya a waya ɗaya a wani katin daban. Akwai zaɓin sauke rubutu zalla wanda bai wuce mega kaɗan ba, yana da amfani wurin neman kalma, amma na'ura ce ta karanta shi, takan ɓata sunayen Siyam da lambobi, don haka duk abin da za ka ɗauko ka duba shi a hoton shafin.

Jaridun Singafo na lokacin, irin su Straits Times, suna shafin NewspaperSG kyauta, kuma suna yawan kwafo labarai daga jaridun Bangkok. Jirgin ruwa ke kai jaridun, yana ɗaukar kwanaki, saboda haka ranar da ke saman jarida ba ita ce ranar da abin ya faru ba. Jaridar gwamnatin Siyam, Ratchakitchanubeksa, ita ke shelanta ƙarin girma da sarauta da lambobin yabo, ita ma tana intanet. Tsofaffin fitowarta hotuna ne da tsohon salon rubutu, injin fassara na waya yakan rikice a kansu. Yi amfani da shi don gano shafin da sunan ya fito, amma kada ka sa fassararsa a kundi a matsayin maganar takarda.

Faransancinka babban jari ne: shafukan intanet na Gallica da Persée suna da mujallar makarantar Faransa ta nazarin Gabas mai Nisa tun daga 1901, da rahotanni masu yawa. Sai dai a nan tarkon yake. Ranar 13 ga Yuli 1893 jiragen yaƙin Faransa biyu, Inconstant da Comète, suka keta bakin kogin Chao Phraya a Paknam da wuta, wakilin Faransa Auguste Pavie ya miƙa wa'adi, kuma a yarjejeniyar 3 ga Oktoba Siyam ta saki ƙasar da ke gabashin kogin Mekong. Wanda ya rubuta takardar Faransa a kan sojan Siyam a wannan zamani abokin gaba ne, yana da dalilin nuna su marasa ƙarfi, da nuna Turawan da ke musu aiki a matsayin ƴan neman kuɗi. Da yake su ne suka fi maka sauƙin karantawa, kundin zai jingina gare su ba tare da ka sani ba. Ƙirga madogaranka a ƙarshen kowane babi. Idan na Faransa sun wuce rabi, koma ka nemo na wani ɓangare.

Asalin takardun hannu suna nesa: ma'ajiyar ƙasa a Bangkok, jerin FO 69 na harkokin wajen Ingila a Kew kusa da Landan, La Courneuve da Nantes na harkokin wajen Faransa, Aix-en-Provence na mulkin Indoshin. Idan za ka rubuta musu neman kwafi, ka sa lambar jeri da ta akwati da shekara. Wasiƙar da ta ce kawai "ina neman bayani a kan Gerini" da wuya ta sami amsa mai amfani.

Auna iliminsa

Rabin darajar mutumin a rubutunsa take, kuma ba duka ne mai nauyi ɗaya ba. Littafinsa na 1895 a kan bikin aske tukkun yara, Chulakantamangala, ya tsaya da ƙafarsa domin yana da damar shiga fada, ya ga abin da idonsa, yana kuma jin harshen. Haka nazarinsa na karin maganar Siyam a fitowar farko ta mujallar a 1904, da tarihin tsibirin Junkceylon, wato Phuket ta yau, a 1905. Babban aikin da ya fi alfahari da shi, wanda aka buga a Landan a 1909 mai shafi fiye da 900, ƙoƙari ne na gano garuruwan gabashin Asiya da Ptolemy, Batlimus na littattafan Larabci, ya ambata a ƙarni na 2. Ya gyara ma'aunan taswirar da lissafi, sannan ya dogara sosai ga kamannin sunaye a furuci. Masanan da suka biyo baya sun yi watsi da da yawa daga abin da ya cim ma, domin suna biyu na iya kama da juna a kunne ba tare da wata dangantaka ba. A ganinmu ƙananan ayyukan sun fi babban amfani, kuma kundi mai gaskiya zai faɗi haka ba tare da rage masa daraja ba.

Yayin karatu yi wa kowane sakin layi alama ɗaya cikin uku a gefe: abin da ya gani, abin da aka gaya masa ko ya karanta, da abin da ya zata. Launi uku na biro sun isa. Alama ta biyu ita ce ta fi cancantar haƙurinka. Saurayin da ya sauka Bangkok yana da shekara 21 bai koyi Pali da al'adun fada shi kaɗai ba. Akwai malaman addinin Buddha, da Brahmanan fada masu jagorantar bukukuwan sarauta, da magatakarda, da ƴaƴan sarki masana irin su Yarima Damrong, ministan cikin gida daga 1892 zuwa 1915. Bi gabatarwar kowane littafi da ƙananan bayanan ƙasan shafi, ka tsince duk sunan ɗan ƙasa da ya gode wa, ka ba shi shafi a kaye na biyu. Ɗan Damagaram bai kamata ya wuce wannan da sauri ba: Dorugu, yaron da ya fito daga wajen Kance, ya bi matafiyin Jamus Heinrich Barth har Turai a 1855, da bakinsa aka cika littattafan Hausa da suka fito da sunan wani a bango.

Babin ƙarshe

A 1905 aka kafa dokar shiga soja ta dole. Ƴaƴan sarki da aka tura karatun soja Turai sun fara dawowa: Yarima Chira daga Danmak tun kafin haka, Yarima Chakrabongse kuma daga Rasha a 1906, shekarar da Gerini ya tafi. Haɗa dawowarsu da tafiyarsa yana da jan hankali, kuma gaskiya ne cewa manufar sarki ita ce ƴan ƙasa su karɓi kujerun. Amma faɗuwar abu biyu a shekara guda ba hujja ba ce cewa ɗaya ya jawo ɗayan. Idan ba ka da takardar da ta faɗi dalilin tafiyarsa, ka jera abubuwan biyu, ka ce ga abin da kake zato, ka kira shi zato. Ka kuma tuna cewa shekara 5 bayan tafiyarsa, a ƙarƙashin sabon sarki Vajiravudh, shi aka damƙa wa rumfar Turin, wadda ƴan ƙasarsa Mario Tamagno da Annibale Rigotti suka zana, shi ya kuma shirya kundin kayan da aka baje. Wannan yana nuna igiyar da ke tsakaninsa da fadar ba ta tsinke ba.

Ranar rasuwarsa ka tabbatar da ita daga wuri biyu da ba su kwafi juna ba, misali rajistar mutuwa ta birnin Turin da sanarwar wata jarida ta Oktoban 1913. Shafin Antenati na ma'ajiyar gwamnatin Italiya shi ne wurin fara neman rajista, kuma ba a biya. Idan suka saɓa da kwana ɗaya ko biyu, sau da yawa ɗaya ranar rasuwa ya rubuta, ɗayan ranar da aka kai sanarwa ofis. Sa ta rajista a cikin rubutu, ɗayar kuma a bayanin ƙasan shafi tare da dalilin da ya sa ka zaɓa.